Manhajar auna haɗarin faɗuwa ga tsofaffi: tana da amfani, amma da gyara

Ina aiki da wannan manhaja wajen gwada tsofaffin da ake kawo mana gashin ƙashi, kuma ta fuskar sauƙi ta cancanci yabo. Rubutunta manya ne, agogonta ba ya ƙarya, tana kuma adana sakamakon baya. Sanannun gwaje-gwajen duk suna ciki: na Berg mai maki 56, na Tinetti, da TUG, wanda tsoho zai tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ana ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka.

Inda na rabu da ita shi ne, ba ta faɗin wane samfurin gwaji take bi. Tun da likitar tsofaffi Mary Tinetti ta fitar da nata a 1986 ake ta yi masa kwaskwarima. Wanda ya fi yawo shi ne mai maki 28, wato 16 na tsayuwa da zama, 12 na tafiya, amma ko a nan bakin takardun bincike bai zo ɗaya ba. Wata ta ce mai maki 24 haɗarinsa kaɗan ne, wata ta sa shi a matsakaici. Manhajar kuwa kore ko ja kawai za ta haska maka, ba bayani.

Haka TUG. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yanke iyakar haɗari a daƙiƙa 12, wasu kuma 13.5 suke bi. To, baban da ya yi 13 fa? Sannan wani ma'aikacin zai ce "Baba, taka yadda ka saba", wani ya ce "yi sauri iya ƙarfinka". Babu inda manhajar ta tambayi wanne aka yi, ko tsayin kujerar, ko da sanda aka taka.

Wannan yana damuna ƙwarai, domin a kan lambar nan ake yanke ko za a ba tsohuwa sanda, a sa ta atisaye, ko a sake duba magungunanta. Idan aka auna ta yau da samfuri ɗaya, bayan wata uku da wani, sai a ce wa 'ya'yanta ta samu sauƙi alhali ma'aunin ne ya sauya. Karayar ƙugu kuwa kan kwantar da tsoho ya daɗe bai tashi ba.

Zan ci gaba da amfani da agogon manhajar da ma'adanarta. Hukuncin launinta dai ba na ɗauka, sai na rubuta samfurin da umarnin da na bayar da hannuna a katin kowane mutum.