Manhajar da ta fi dacewa da tsara rumbun wasannin kwamfuta

Duk wanda ya daɗe yana tara wasannin kwamfuta zai kai ranar da zai buɗe jerinsa ya rasa wanda zai taɓa, domin wasu suna shagon intanet na Steam, wasu kyautar da shagon Epic ke rabawa kowane mako ce, wasu kuma an saye su a shagon GOG tun da daɗewa har an manta da su. Abin da ke warware wannan cunkoso shi ne rukuni da laƙabi, kuma wajibi ne mai zaɓen manhaja ya san bambancinsu. Rukuni kaɗan ne kuma ba ya yawan canzawa, kamar wasannin tsere, na dabarun yaƙi ko na wasa ƙwaƙwalwa. Laƙabi kuwa ana iya liƙa wa wasa ɗaya guda goma: gajere ne, mutum biyu suna iya bugawa a kwamfuta ɗaya, ba ya buƙatar intanet, ya dace da yara.

Ma'aunin da na fi ba wa muhimmanci shi ne inda tsarin yake zaune, da ko mutum zai iya kwafe shi ya adana da hannunsa. Na taɓa shafe kusan mako uku ina rarraba wasanni fiye da 300 a cikin wata manhaja, ina buɗe kowanne ina tuna ko na gama shi ko na watsar, sai wata safiya bayan sabuntawa na tarar da jerin ya koma fari fat, babu rukuni ko ɗaya, kuma babu wani fayil da zan dawo da aikin daga gare shi. Tun daga ranar, kyawun fuskar manhaja ya daina burge ni sai na ga inda take ajiye wahalata.

Steam, wadda kamfanin Valve ya ƙaddamar a 2003, ita ce mafarin kusan kowa. A 2014 ta ba masu wasa damar liƙa laƙabi a kan wasannin shagonta, sannan a 2019 ta sake fasalin rumbun ta kawo tarin da ke cika kansa: idan mutum ya ce a haɗa masa duk wasan dabarun yaƙi da bai taɓa buɗewa ba, duk sabon da ya saya mai wannan siffa zai faɗa ciki ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai ga wanda dukan wasanninsa suke wuri ɗaya. Matsalarta ita ce wasan da aka shigo da shi daga wani shago yana zuwa tsirara, babu bayani babu laƙabi. GOG Galaxy, wanda aka ƙirƙira a ƙarƙashin kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland, ya yi alkawarin haɗa shaguna duka tun fitowar sigarsa ta 2.0 a 2019, amma mahaɗarsa da Steam ta daɗe a hannun masu aikin sa kai, takan yanke ta bar mutum yana jira. Manhajar Epic shago ce kawai, LaunchBox kuma ta fi amfani ga masu tsofaffin wasannin na'urorin da, sannan mafi kyawun sashenta sai an biya.

Wadda nake amfani da ita, kuma nake ba da shawararta ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ita ce Playnite, wadda Josef Němec ya ƙirƙira. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, ga duk mai son dubawa. Tana janyo wasanni daga Steam, GOG, Epic, EA, Ubisoft Connect, Battle.net, Xbox da itch.io ta zuba su a jeri guda, ta ɗebo hotuna da bayanai daga rumbun bayanan wasanni na IGDB. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ta ware gurabe: nau'in wasa yana da gurbinsa, rukunin da mutum ya ƙirƙira da kansa yana da nasa, laƙabi daban, matsayin kammalawa daban. Saboda haka ba sai na cakuɗa "na gama" da "wasan tsere" a layi ɗaya ba. Ina iya zaɓar wasanni arba'in lokaci guda in liƙa musu laƙabi ɗaya, in kuma adana tacewar da nake yawan yi, misali gajerun wasannin da ban fara ba, ta zama maɓalli guda. Uwa uba, bayanan duka suna cikin kwamfutar mutum, akwai hanyar ajiye kwafinsu, akwai ma sigar da ba a girkawa, wadda ake ɗauka a filasha daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Tana da nakasu: a Windows kaɗai take aiki, yawancin wasanni sai manhajar shagonsu tana nan za su tashi, kuma ranar farko tana cin lokaci. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya bar ta ta kwaso dukan laƙuban waje, domin za su yi masa yawa su binne nasa. Rukuni bakwai ko takwas da laƙabi kamar ashirin sun wadatar.

Sai dai zaɓen manhaja ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da damfarar da ke kewaye da wannan harka. Laƙaban shago jama'a ne ke sa su, kuma jama'a ba duka ne masu gaskiya ba. Sanannen abu ne a ga wasan yara ɗauke da laƙabin ban tsoro don kawai wasu sun haɗa baki sun yi raha, amma wanda ya fi cutarwa shi ne mai sayarwa da ke lafta wa wasansa duk laƙabin da ke tashe domin ya bayyana a bincike. Na taɓa sayen wani wasa saboda an ce mutum biyu suna bugawa tare, ashe abin da ake nufi shi ne allon da ke jera makin 'yan wasa. Tun da Valve ya buɗe ƙofa a 2017 ga duk wanda ya biya dala 100 ya sa wasansa, masu harhaɗa kayan da aka saya a shirye su kira su sabon wasa suka yawaita, har a shekarar aka cire fiye da 170 na mai su ɗaya. A Fabrairun 2025 ma an cire wani wasa mai suna PirateFi bayan an gano yana ɗauke da manhajar satar bayanai. Don haka kafin saye a karanta sharhin waɗanda suka daɗe suna bugawa, musamman masu kushe, a kalli bidiyon ainihin wasan maimakon tallarsa, a kuma tuna cewa Steam tana mayar da kuɗi ne cikin kwana 14 idan ba a kai awa 2 ana wasa ba, wanda ke nufin a gwada abin da aka saya nan take.

Haɗari mafi girma yana wajen saukar da manhajar tsarin kanta, domin irin waɗannan manhajoji sukan nemi mutum ya shiga asusunsa na shaguna daban-daban. 'Yan damfara suna buɗe shafukan jabu masu kama da na asali, wani lokaci su biya kuɗin talla domin su hau saman sakamakon bincike, kuma wanda ya rubuta kalmar sirrinsa a can ya miƙa rumbun shekara goma da hannunsa. A sauke Playnite daga playnite.link ko shafinta na GitHub kawai, a ɗauki ƙarin kayan aikinta daga cikin manhajar, kada a karɓi fayil daga baƙon da ya turo saƙo yana cewa ya gyara ta. Duk wanda ya nemi kuɗi a kanta maƙaryaci ne. A kunna Steam Guard, wato ƙarin lambar tsaro da ake nema bayan kalmar sirri, da makamancinsa a kowane shago kafin a haɗa asusu ko ɗaya, sannan da zarar an gama rarraba wasannin a ajiye kwafin farko a wani faifai daban da wanda manhajar take kai.