Plymouth Road Runner da Musun Sarautar Motoci Masu Ƙwanji

A Asabar ta uku ta watan Agustan kowace shekara, titin Woodward da ya tashi daga birnin Detroit ya nufi garin Pontiac a jihar Michigan yakan cika maƙil da tsofaffin motoci, kuma duk inda mutum uku suka tsaya gaban buɗaɗɗen bonet, da wuya su watse ba su tayar da musun nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ba, wato a cikin motocin da Amurkawa suke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wacce ce ta fi cancantar a naɗa ta sarauniya. Motocin da ake nufi su ne waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970, masu matsakaicin jiki da ƙofa biyu, waɗanda aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas da ke juya tayoyin baya. Na daɗe ina bibiyar wannan musu, kuma matsayina a kansa bai sauya ba: Plymouth Road Runner ƙirar 1968 da 1969 ce ta fi cancanta, duk da cewa akwai waɗanda suka fi ta gudu, suka fi ta kyau, suka kuma fi ta tsada a kasuwar gwanjo.

Ba za a yi adalci ba idan ba a fara da Pontiac GTO ba, domin ita ce ta share fagen. A farkon shekarun 1960 kamfanin General Motors yana da doka a cikin gida da ta hana sanya injin da ya wuce lita 5.4 a motocinsa matsakaita. John DeLorean, babban injiniyan sashen Pontiac, da abokan aikinsa sai suka zagaye dokar: maimakon su fitar da sabuwar mota, suka mayar da injin 389, mai kimanin lita 6.4, wani ƙari mai suna GTO da mai sayen motarsu Tempest LeMans zai iya nema idan ya biya kusan dala 300. An yi hasashen sayar da guda 5,000, sai ga shi a 1964 an sayar da fiye da 32,000, a 1966 kuma adadin ya kai kusan 97,000. Wannan tarihi ne da babu mai ƙwace mata shi. Sai dai GTO ta riƙa ƙara nauyi da ƙawa da tsada shekara bayan shekara, haka ma sauran da suka bi sahunta, har ya zamana zuwa 1967 saurayin da aka ƙirƙiro wannan nau'in mota dominsa, mai aiki a masana'anta ko wanda bai daɗe da dawowa daga aikin soja ba, ya fara leƙen motocin ta gilashin shagon dillali kawai.

Wannan giɓi ne Plymouth, ɗaya daga cikin sassan kamfanin Chrysler, ta hango. Manufar da masu tsara motar suka sa a gaba mai sauƙin faɗa ce: mota mai gudun gaske a kan farashin da bai kai dala 3,000 ba. Suka ɗauki bodin Belvedere mafi arha, irin wanda masu tasi da 'yan sanda suke amfani da shi, suka cire duk abin da ba ya ƙara gudu. Kujerar gaba doguwar benci ce, a motocin farko shimfiɗar roba ce a ƙasa maimakon kafet, ƙarfen ado mai walƙiya kaɗan ne, tagar baya ma ba a sauke ta, ture ta ake yi ta ɗan buɗe. Kuɗin da aka rage daga nan sai aka zuba shi a ƙarƙashin bonet. An ɗauki injin 383, mai lita 6.3, aka ɗora masa kawunan silinda da sandar buɗe bawul na babban injin 440, ya ba da ƙarfin doki 335, aka haɗa shi da giyar hannu mai hawa huɗu da ƙaƙƙarfan sifirin, duk a cikin farashin asali. Domin mai karatu ya kwatanta girman abin, injin Peugeot 504 da muka sani a hanyoyinmu bai wuce lita 2 ba, ke nan wannan ya ninka shi fiye da sau uku.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne gaskiyarsa. Wanda ya shiga shago da mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama masa motar, da cikakkiyar mota mai ƙwanji zai fito, ba sai ya bi doguwar takardar ƙarin kaya yana biya ɗaya bayan ɗaya ba. A wurin wasu abokan hamayyarta, sunan da aka liƙa a jikin mota yakan fi abin da ke cikinta girma, sai an ƙara kuɗi kafin a sami injin da ake tallar motar da shi. Kuɗin da Plymouth ta kashe a kan ado kusan wuri ɗaya ya tafi: ta biya kamfanin Warner Bros. dala 50,000 domin amfani da suna da hoton Road Runner, tsuntsun nan mai gudu na zanen barkwanci, ta kuma yi wa motar hon mai kwaikwayon kukansa. Wasu suna ganin wannan yarinta ce, ni kuwa ina ganin ya nuna cewa masu motar sun san wa suke yi wa magana.

Kasuwa ta amsa nan take. A 1968 an sayar da kimanin guda 45,000, a 1969 aka haura 80,000, kuma mujallar Motor Trend ta zaɓe ta motar shekarar 1969. Hujjar da ta fi adadi ƙarfi ita ce yadda sauran kamfanoni suka rikice. Dodge, wadda gida ɗaya suke da Plymouth, ta gaggauta fitar da Super Bee a tsakiyar 1968, Ford ta fito da Cobra a kan bodin Fairlane a 1969 da irin wannan tunani, ita kanta Pontiac ta fara tsara GTO Judge ne a matsayin amsa mai arha ga Road Runner, kafin daga baya tsarin ya juya ya zama mai tsada. Idan wadda ta share fage ta koma tana bin sawun wata, to lallai an sami wadda ta sauya alƙiblar fagen.

Masu goyon bayan Chevrolet Chevelle SS 454 ƙirar 1970 suna da hujja mai nauyi, kuma ina girmama ta. A shekarar ce General Motors ta ɗage takunkumin girman inji, sai Chevrolet, wadda ita ma sashenta ce, ta fito da injin LS6 mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450, adadi mafi girma da aka rubuta wa wata mota ta wannan rukuni a wancan zamani. Amma LS6 shekara ɗaya tak ya yi a jikin Chevelle, kuma waɗanda aka ƙera ba su kai 4,500 ba. Ya zo ne a daidai lokacin da rana take faɗuwa. Dodge Charger ƙirar 1968 zuwa 1970 kuwa, ban san wata motar Amurka ta lokacin da ta fi ta kyawun sura ba, da fitilunta masu ɓuya da ƙugunta mai lanƙwasa kamar kwalba. Idan musun na kyau ne, na sallama mata ba tare da jayayya ba. Sai dai ƙashin bayanta da injinanta duk irin na Road Runner ne, mai saye yana biyan ƙarin ne domin riga.

Akwai kuma Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda aka ƙera 'yan ƙalilan da ba su wuce goma sha biyu ba, aka kuma sayar da ɗaya a gwanjon kamfanin Mecum a birnin Seattle a 2014 a kan dala miliyan 3.5. Wannan farashi ƙarancin motar yake aunawa. Motar da mutum goma sha biyu suka saya ba za ta wakilci zamanin da dubban samari suka cika tituna da rugugin salansa ba.

Wanda yake son ƙarfi tsagwaronsa ma bai rasa shi a Road Runner ba. Da ƙarin dala 714 ana sanya mata injin 426 Hemi, mai lita 7, wanda aka ƙera domin gasar tseren motoci ta Amurka da ake kira NASCAR, ya kuma kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a tseren Daytona 500 na 1964, direba Richard Petty yana kan gaba. Sunan injin ya samo asali ne daga siffar ɗakin da fetur yake ƙonewa a saman fistin, wanda yake kamar kifaffiyar ƙwarya, siffar da ke ba da damar sanya manyan bawul domin injin ya shaƙi iska sosai. An rubuta masa ƙarfin doki 425, kuma Road Runner mai ɗauke da shi tana cinye rubu'in mil, wato kimanin mita 400, cikin daƙiƙa 13 da rabi, alhali mai injin 383 tana buƙatar kusan 15. A tsakiyar 1969 aka ƙara wani zaɓi, injin 440 mai kafireta uku da ƙarfin doki 390, da baƙin bonet marar maɗauri wanda ake zare ƙusoshi huɗu a ɗauke shi gaba ɗaya. A kan wannan mota ce kuma aka gina Superbird ta 1970, mai dogon hanci da ƙaton fiffike a baya, wadda Pete Hamilton ya ci Daytona 500 da ita a shekarar.

Aibobinta a fili suke, kuma duk mai niyyar saye ya kamata ya san su. Birkin asali na ganga ne a duka tayoyin huɗu, wanda yake zafi ya yi sanyin kamu idan aka matsa masa, birkin faifai na gaba sai an biya ƙari. Tayoyin zamanin sirara ne, ba sa iya riƙe ƙarfin injin, nauyin motar ya rinjaya gaba, don haka a kwana tana buƙatar direba mai natsuwa. Tana shan mai ƙwarai, kuma an tsara injinta ne domin fetur mai dalma wanda aka daina sayarwa. Cikinta babu jin daɗi, ƙara da zafi suna shigowa. Injin Hemi kuma, da kafiretocinsa biyu, yana son bakanike mai haƙuri da ya san aikinsa, abin da ya sa nake ganin mai injin 383 ta fi dacewa da wanda zai riƙa hawa da gaske. Ya kamata a kuma lura cewa adadin ƙarfin dokin wancan lokaci ana auna shi ne da inji tsirara, ba tare da kayan da ke rage masa ƙarfi a jikin mota ba, kuma da aka sauya ma'auni a 1972 adadin ya faɗi a kowane kamfani.

Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora sun tsauwala kuɗi a kan samari masu irin waɗannan motoci, har cinikin Road Runner ya ragu da kusan rabi a 1970, dokar tsaftace iska ta shekarar ta tilasta rage ƙarfin injina, aka daina sanya injin 426 Hemi a motoci bayan 1971, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973 ya ƙarasa abin da ya saura. An rufe Plymouth a 2001, Pontiac kuma a 2010.

Ga mai neman saye a yau, shawarata ita ce ƙirar 1969 mai injin 383 da giyar hannu, domin an ƙera ta da yawa kuma kayan gyaranta suna samuwa. A duba tsatsa a ƙasan but da bayan tayoyin baya da inda sandunan sifirin na gaba suke kamawa, saboda bodin da firam ɗin a haɗe suke, gyaransu yana cin kuɗi. A kuma karanta lambar jikin motar da kyau, domin an sha yi wa Belvedere da 'yar uwarta Satellite fenti da hoton tsuntsu a sayar da su da sunan da ba nasu ba. Lambar Road Runner ta gaskiya tana farawa da haruffan RM, kuma a ƙirar 1968 da 1969 harafi na biyar H ne ga injin 383, J kuma ga Hemi.