Wane abin kiran talotalon daji ya dace da sabuwar mafarauciya?

Duk 'yar'uwar da ta ji cewa mata na fita farautar talotalon daji a nan jihar Wiskonsin ta Amurka, tambayarta ta farko ɗaya ce: wace bindiga zan saya? Ni kuwa kullum cewa nake ki bar kuɗinki a jaka tukuna. Bindiga aronta ake yi a shekarar farko, kuma hakan ya fi, domin sai kin ɗora uku ko huɗu a kafaɗa za ki gane wadda ta yi daidai da tsawon hannunki. Abin da ba a aro, wanda dole ya zama naki, ki yi ta fama da shi a falo tun watan Fabrairu har yara su fara toshe kunne, shi ne abin kira.

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, to shi talotalo daga zaune ake samunsa. Tun duku-duku kin shiga daji, kin jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunki faɗi. Toron yana can bisa reshen da ya kwana, gari na fara haske zai ɗau kuka yana neman mata. Aikinki shi ne ki kwaikwayi muryar macen har ya sauko ya nufo ki. Wahalar ita ce, a ɗabi'arsu macen ce ke zuwa wurin namiji, ke kuma so kike ya karya al'ada ya tako da ƙafarsa har ya shigo cikin yadi 40, iyakar nisan da yawancin malaman farauta ke yarda a yi harbi. Ga shi da ido kamar me, yana bambance launi, motsin yatsa ɗaya ya isa ya juya. Saboda haka wadda ba ta iya kira ba, ko bindigar miliyan ta riƙe, zaman banza ta je yi.

Wurin aron bindiga da koyon riƙe ta ba ya wuya. Akwai shirin Becoming an Outdoors-Woman, wanda Christine Thomas ta fara a Jami'ar Wiskonsin da ke Stevens Point a 1991, yanzu ya bazu a jihohi da dama. Ƙarshen mako ake yi, a koya wa mata harbi, kamun kifi, kafa tanti, tuƙa kwalekwale da karanta taswira. Akwai kuma Women in the Outdoors na ƙungiyar National Wild Turkey Federation, wadda aka kafa a 1973, hedikwatarta na Edgefield a Karolina ta Kudu. Hukumar albarkatun ƙasa ta jiharmu ma tana da nata shirin koyar da sababbi, inda ake haɗa ki da gogaggen mafarauci ya zauna gefenki. Tsuntsun kansa baƙo ne da ya dawo gida: ya ƙare ƙaf a Wiskonsin tun kafin ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1976 aka kawo wasu daga Mizuri, aka ba su wani tsuntsu mai kama da fakara a madadi, aka buɗe farautar farko a 1983.

Abin kira iri huɗu za ki tarar a kanti: ɗan akwatin katako, ɗan faranti mai tsinke, na dannawa, da na sawa a baki. Ba zan ɓoye ba, ni 'yar akwati ce.

Tsawonsa bai fi taki ɗaya da ɗan wani abu ba. An rarake cikin katakon, an bar bango biyu sirara, sannan aka ɗora murfi mai mariƙi wanda ƙusa ɗaya tak ta riƙe a ƙarshe. Idan kika goga murfin a kan bakin bangon, sai ki ji "kyauk, kyauk, kyauk", muryar macen sak, da ɗan karcewar nan ta ƙarshe da ke sa toro ya amsa tun daga tsallaken kwari. Ba sabon abu ba ne, tun 1897 wani Henry Gibson na jihar Arkansas ya yi rajistar irinsa, kuma har yau fasalin bai canja sosai ba. Na kamfanin Lynch, wato World Champion da Fool Proof, sun daɗe a hannun mafarauta, kuma da dala 30 zuwa 50 za ki samu akwati mai kyau na sanannen kamfani. Waɗanda masu sana'ar hannu ke sassaƙawa ɗaya-ɗaya kan wuce dala 100, amma wannan sai kin zama gwana.

Dalilina na farko shi ne saurin koyo. Na ga matar da ba ta taɓa jin kukan talotalon daji ba, aka miƙa mata akwati bayan la'asar, kafin magariba ta fitar da kiran da ba a jin kunyarsa. Na biyu kuma sanyi. Safiyar Afrilu a nan ba ta da wasa, wani lokaci har da ragowar ƙanƙara a gindin itatuwa, yatsu kan sandare. Akwati ba ya buƙatar lallausan yatsa, da safar hannu ma yana tashi. Na uku ƙara: ranar da iska ke kaɗawa, muryarsa na ratsa daji.

Amma yana da ƙa'idojinsa. Ki riƙe shi ta ƙasa, sako-sako. Idan kika damƙe bangon da tafin hannu, kin kashe muryar. Kada ki ɗaga murfin tsakanin gugu da gugu, ki bar shi ya koma a kwance. Ƙasan murfin alli ake shafa masa, kamar yadda mai goge ke goga ƙaro a izga, in babu shi sai santsi, ba kuka. Nan ne kuma mu mata ke da tamu matsalar: sanyin ƙasar nan ya sa ba ma rabuwa da man kaɗanya da basilin, kuma taɓawa ɗaya da yatsa mai maiƙo ta isa ta toshe ƙasan murfin. Ki kama shi ta mariƙi kawai. Ƙusar nan kuwa an daidaita ta tun daga masana'anta, kada maigida ko wani ɗan karambani ya ce zai ɗaure miki ita. In za ki yi tafiya, ki ɗaure murfin da robar ɗaure kuɗi, in ba haka ba duk taku sai ya yi ƙara, ki zama kina shelar zuwanki.

Masu kushe shi suna cewa hannu biyu yake ci, kuma ba ya son ruwa. Gaskiya ne. Ruwan dai ledar burodi ta magance shi, a cikinta ma ana iya kaɗa shi. Batun hannu biyu kuwa, da zarar toro ya nufo ki, ai ajiye abin kira ya kamata ki yi. Ya riga ya san bishiyar da muryar ta fito. Ki ɗora bindiga a gwiwa, in ya tsaya yana shakka ki ɗan sosa busassun ganye da hannu, kamar mace na tonon abinci. Yawan kira a wannan lokaci shi ke korar su.

Farantin ba laifi, shi zan ce ki saya na biyu. Ɗan zagayayyen dutsen allo ne ko gilashi a cikin kasko, ana zana masa ƙananan da'ira da tsinken katako. Wajen tattausar murya, irin gurnanin da macen ke yi in hankalinta a kwance yake, ya fi akwati. Sai dai raɓa kaɗan ta sauka a kan dutsen ya yi gum, kuma kullum kina cikin karce shi da soson wanke tukunya.

Na dannawa abin yara ne.

Na baki kuwa, a nan aka taɓa cuta ta. Wani mai kanti ya rantse mini cewa duk mafaraucin kirki shi yake amfani da shi, ya haɗa ni da fakiti guda. Wata 'yar roba ce sirara da aka ɗame a jikin ƙarfe mai siffar kofaton doki, ana manna ta a ganɗa, a tura iska da harshe. Abin da bai gaya mini ba shi ne yawancinsu an auna su ne da bakin ƙattin maza. Ina sa shi sai yunƙurin amai, sai yawu, ƙarar da ta fito kuwa ko agwagwa ba za ta amsa ba. Kuma abin da ya shiga baki ba a mayar da shi kanti. Akwai masu ƙaramin ƙarfe, kuma ana iya rage gefen da almakashi, amma ki sani makonni ake yi kafin a samu murya. Idan jikinki ba ya shiri da roba irin ta safar asibiti, ki nisance shi. A shekarun da azumi ya faɗo a Afrilu, kamar 2021 da 2022, ni dai raina bai kwanta da zama da abu a baki ina tara yawu ba. Tun daga lokacin, duk abin da mai kanti ba zai bari in gwada a gabansa ba, ba na saya.

Wannan ya kawo mu ga 'yan damfara, waɗanda suka gano cewa mata sun fara shigowa harkar. A intanet za ki ga akwati mai sheƙi, an zana masa hoton talotalo, dala 10 har da kuɗin aikawa. Araha ba ta ado. Bangonsa kauri gare shi kamar na akwatin lefe a ƙanƙance, an kuma malale ƙasan murfin da fenti mai ƙyalli, inda ya kamata a bar katako tsirara. Ba allin da zai kama shi. Ki juya murfin ki duba kafin ki biya, in ba a nuna hoton ƙasansa ba, ki wuce. Shi kansa allin akwai na banza: wasu allunan makaranta an haɗa su da mai ko kakin da zai hana ƙura, su ne ke kashe akwati. Ki sayi wanda aka yi don wannan aiki, ba shi da tsada.

Sai kayan da ake cewa "na mata", wato a rage girman na maza, a watsa musu ruwan hoda, a ƙara kuɗi. Gaskiya ne Wiskonsin ce jiha ta farko da ta halatta ruwan hoda mai haske a 2016, amma don farautar barewa ne, don sauran maharba su hango ki. Talotalo yana ganin launi. Mafi muni, kada ki yarda a sayar miki da hula, safa ko ɗankwali mai ja, fari ko shuɗi, domin launukan kan toro ke nan, kuma wani maharbi mai gaggawa na iya hango su ta cikin ganye. Hijabinki ma ya zama mai launin ƙasa ko na ganye. Haka nan abin da ke kwaikwayon kukan namiji, ki bar wa gwanaye: a dajin gwamnati maharba yake jawowa. In kin ga mutum ya nufo ki, kada ki ɗaga hannu, ki yi magana da ƙarfi.

Akwai masu tallan na'ura mai batir da lasifika, wai ki danna ta yi miki kiran. Doka ta hana amfani da ita a farautar talotalo a Wiskonsin da jihohi da yawa, kuma mai sayarwa ba zai biya miki tara ba. Akwai masu kiran kansu jagorori, su sa hotunan da suka kwaso a shafukan wasu, su ce "farauta ta musamman ga mata", a turo kafin alƙalami ta manhajar waya. Ki nemi sunan gonar da ƙaramar hukumar da take, ki kira jami'in kula da namun daji na yankin, ki ce kuma a haɗa ki da matar da ta je bara. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

In lokacin sayen bindigar ya zo, duk wanda ya tallata miki ita a Facebook ki san da walakin, domin tun 2016 kamfanin ya hana cinikin bindiga tsakanin ɗaiɗaikun mutane. Wadda aka saya daga wata jiha kuma, hannun dillali mai lasisi take sauka, ba ƙofar gidanki ba. Idan da bizar karatu ko ta ziyara kike zaune, dokar tarayya tana da sharuɗɗa a kan riƙe bindiga, ki bincika kafin ma ki karɓi ta aro. Harsashin TSS mai tsada, wanda ƙwayoyinsa suka fi na darma nauyi sosai har ya sa ƙananan bindigogi irin .410 suka samu shiga, shi ma an cika shafukan bogi da shi a rabin kuɗi. Ki saye shi a kanti, ki riƙe kwalin a hannunki.

Cikin kuɗin da kika rage, ki sayi maganin fesa wa tufafi mai sinadarin famitirin. Dajin Wiskonsin cike yake da kaskar da ke sa cutar Laim, can jihohin kudu kuma akwai wata mai ɗigon fari a baya wadda cizonta kan sa jiki ya daina karɓar jan nama, ba tsire ba kilishi. Takardar neman izinin farautar Afrilu da Mayu kuwa ranar 10 ga Disamba ake rufe karɓarta, kuma duk wadda aka haifa daga 1 ga Janairu, 1973 sai ta nuna shaidar kwas ɗin koyon farauta, in ba da lasisin 'yan koyo za ta fita ba, wanda ya wajabta malaminta ya zauna inda hannunsa zai kai gare ta.