Sharhi: manhajar metronom da ta hana ni jingine jitar bes

Duk wanda ya ɗan jima yana koyon jitar bes, wato jita mai kaurin murya, ya san wurin da ake tsayawa cak. Watannin farko da daɗi: yau ka haddace tsirkiyoyin nan huɗu, E, A, D, G, gobe ka bi wata waƙa daga farko har ƙarshe. Daga nan sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kullum kana atisaye, yatsu sun yi kanta, amma kunnenka na gaya maka jiya da yau duk ɗaya ne. A wannan hali nake lokacin da na sauke wata manhajar metronom a wayata, kuma na daɗe ina aiki da ita kafin na zauna rubuta wannan sharhi.

Ga wanda bai san ta ba, metronom na'ura ce mai buga "ƙas, ƙas" ba ƙari ba ragi, ana auna saurinta da yawan bugu a minti ɗaya. Tsohuwar aba ce. Johann Maelzel ya yi mata rajista a 1815 bayan ya ga ƙirar Dietrich Winkel a Amsterdam, kuma Beethoven na cikin waɗanda suka fara rubuta lambobinta a kan kiɗansu. Aikin ta waya ɗaya ne da na wancan akwatin katako mai lilo, sai dai an yi mata ƙari, kuma a cikin ƙarin nan amfaninta yake.

Na fara da bugu 60 a minti, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Ina ganin kamar wasa ne, ashe nan wahalar take. Idan kana gudu, sauti na rufe wa sauti asiri. Da ka rage sauri, komai sai ya fito fili. Na ji tsirkiyar A tana ci gaba da gunaguni bayan na koma D, don babban yatsana bai danne ta ba. Na ji ɗan yatsan tsakiya ya fi manuni ƙarfi, saboda ya fi shi tsawo, har kiɗan yana ɗingishi. Na kuma ji ina yanke sauti tun lokacinsa bai cika ba duk sanda zan matsar da hannu a wuyan jitar. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin a bes inda sauti ya ƙare yana da nauyi daidai da inda ya fara. Ashe ci gaban bai tsaya haka kawai ba, waɗannan ƙananan abubuwa ne suka riƙe shi, ni kuwa ina ta ƙara sauri a kansu.

Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne yin shiru da gangan. Kana iya saita ta ta buga zagaye biyu (zagaye shi ne rukunin bugu, galibi huɗu), ta yi tsit na zagaye biyu, sannan ta dawo. A cikin shirun nan kai kaɗai ne da lissafin da ke cikin jikinka. Idan ta dawo kuka haɗu a kan bugun farko, akwai wani daɗi da ba ya misaltuwa. Idan ka riga ta isowa, ka san kana da gaggawa, kuma ni a can na tsinci kaina, musamman a wuraren da nake jin tsoro. Mai ganga da zai yi kiɗa da kai wannan yake nema a wurinka, ya jingina da kai ba tare da fargaba ba. Haka kuma ana iya sa ta buga na biyu da na huɗu kawai, inda ƙaramar ganga ke faɗowa a yawancin kiɗan zamani. Da na saba da hakan sai na daina jin ina bin na'ura, na koma jin kamar muna kiɗa tare.

Maganin takaicin kuwa ya zo ta wata hanya mai sauƙi. Manhajar na ajiye lambar da ka tsaya a kowane darasi. Kunne ba ya saurin bambance bugu 72 da 76, shi ya sa mutum ke ganin bai motsa ba, amma lamba ba ta ɓoye komai. Ƙa'idata ita ce ba na ƙara sauri sai na kaɗa abu tsaf sau da yawa a jere, kuma ƙarin bugu biyu ne ko huɗu. Akwai kuma wurin naɗar sauti. Ranar da na saurari wani tsohon naɗi na kwatanta shi da sabo, sai da zuciyata ta yi sanyi, don bambancin a bayyane yake, ni ne dai ban ji shi ba yayin da yake faruwa.

Tana da nata aibun. Akwai tsarin da take ƙara sauri da kanta bayan kowane 'yan zagaye, kuma ban ba kowa shawarar ya dogara da shi ba, domin ba ta jin ko ka kaɗa daidai ko ka yi kwaɓa, tafiyarta kawai take yi. Sautin waya ba ya iya ja da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita ƙara, dole ka jona ta da ita ko ka sa abin kunne mai igiya. Na Bluetooth yana jinkiri, har walƙiyar da ke kan allo ta saɓa da abin da kake ji. Saƙonnin tunatarwa ma sun yi yawa, masu sa mutum jin ya yi laifi don ya huta kwana ɗaya. Na kashe su, domin hannu na buƙatar hutu.

Sannan ba ta ganin hannunka, wannan kuwa babban giɓi ne. Tsawon tsirkiyar bes da aka saba da shi inci 34 ne tun daga Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951, alhali na jita ta yau da kullum bai wuce inci 25 da rabi ba. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuya kusa da kan jitar tana da faɗi, kuma wanda ya dage sai kowane yatsa ya kama gurbi ɗaya a can yana iya jawo wa wuyan hannunsa ciwo. Wani malami ne ya nuna mini tsarin yatsa na ɗaya, na biyu da na huɗu, wato manuni, na tsakiya da ƙaramin yatsa, wanda masu babban bes na tsaye suka gada daga littafin koyarwar Franz Simandl. Mai gyaran jita kuma ya rage mini tsayin tsirkiyoyi daga wuya, dannawa ta yi sauƙi nan take. Babu manhajar da za ta yi maka waɗannan biyun.

James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, da yatsa ɗaya na hannun dama yake fizgar tsirkiya, kuma abin da ake yabonsa da shi har yau shi ne yadda kowane sauti ke faɗawa a gurbinsa. Wannan fannin manhajar take gyarawa. Idan kai sabon shiga ne ƙwarai, bari sai hannunka ya zauna tukuna. Idan kuwa ka kai wurin nan da ake tsayawa, sauke ta, ka zaɓi layin kiɗa ɗaya da kake ganin ka iya, ka sa bugu 60, ka kunna zagaye biyu na shiru, ka naɗi abin da ya fito.