Kowa ya zo da tasa, ko makaranta ta saya? Abin dubawa kafin a shigo da tab firamare

Tsarin "kowane yaro ya zo da na'urarsa daga gida" ba yau aka fara shi ba. A Ostareliya gwamnatin tarayya ta soma raba wa ɗaliban sakandare kwamfutoci tun 2008, da kuɗin shirin suka ƙare a 2013 sai makarantu da dama suka ɗora nauyin a wuyan iyaye. Abin da ke jan hankalin masu makarantun kuɗi a wajenmu ke nan: a ce ana koyarwa da na'ura, ba tare da an taɓa asusun makaranta ba. Sai dai ɗan sakandare daban, ɗan aji uku daban. Kafin a kira taron iyaye da malamai, ya kamata hedimasta ya san hanya uku ce a gabansa.

Ta farko, kowa ya kawo abin da ya samu. A takarda ita ce mafi arha, a cikin aji kuwa ita ce mafi wahala. Ka ɗauka yara talatin ne, malama ta ce a buɗe manhajar lissafi. Na Sadiya batir ya mutu tun a Keke Napep. Na Abba tsohon Android ne, manhajar ta ƙi sauka. Wani kuma wayar mamarsa aka ba shi, ana tsakar darasi saƙon 'yan adashe na shigowa ta WhatsApp. Minti talatin da biyar ne darasin, goma sha biyar sun tafi a "Malama, nawa bai buɗe ba". Ga kuma abin da iyaye ba sa faɗa a taro: yaron da ya zo da iPad da wanda ya zo da mai fasasshen gilashi, kowa a ajin ya san gidan wa ya fi. Yunifom ma ai don a rufe irin wannan aka yi shi.

Ta biyu, makaranta ta fayyace iri ɗaya ko biyu, iyaye su saya. Malami ya san abin da ke hannun kowa, caja ɗaya ta yi wa kowa, idan an haɗa kai aka saya da yawa kuma farashi ya sauko. Wannan ta fi dacewa da aji huɗu zuwa shida. Ta uku, makaranta ta sayi kamar guda ashirin, su kwana a akwati mai kwaɗo, azuzuwa su riƙa karɓa-karɓa. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku ni dai ba na ganin wata hanya bayan wannan, domin yaron da ke dawowa gida ba murfin robar ruwansa bai kai a damƙa masa kayan dubban nairori ba.

Sai kuma ita kanta na'urar. Waya a cire ta daga lissafi: fuskarta ƙarama ce ga mai koyon karatu, kuma ba don aji aka ƙera ta ba. Faransa ma tun 2018 ta hana ta a firamare da ƙaramar sakandare.

Tab mai Android, wato kwamfutar hannu mai kama da babbar waya, ita ce mai sauƙin samu da sauƙin gyara, duk kasuwar waya akwai mai canja mata gilashi. Matsalar tana wajen masu arhar nan da ake yi wa kwalliya da robar launi a ce "na yara ne". Da yawansu ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, ba a sabunta musu tsari, shekara ɗaya sai su fara nauyi. Arha ba ta ado. A nemi mai ƙwaƙwalwa (RAM) 4GB da ma'aji 64GB, daga kamfanin da aka sani irin Samsung ko Lenovo, a kuma tabbatar akwai Google Play a ciki. Amazon Fire na yara yana da ƙwari, amma da shagon manhajojin Amazon yake zuwa, don haka wata manhajar da makaranta ke so ba lallai a same ta ba.

iPad yana daɗewa, sai dai yana da tsada, saye da gyara. Chromebook, wato laptop mai aiki da tsarin Google, yana da abin da sauran ba su da shi, wato madannai, kuma ɗan aji biyar da zai zo ya tarar da jarrabawar JAMB a kwamfuta yana buƙatar yatsunsa su saba. A 2023 Google ya ce zai riƙa sabunta Chromebook har shekara 10, amma kowane samfuri da ranar da ake daina sabunta shi. Mai sayen na hannu ya duba wannan rana kafin ya biya. Kuma Chromebook ya fi daɗin aiki inda intanet ke tsaye.

Nan ne ma ake yawan yin tuntuɓe, a sayi na'ura a manta wuta da data. Idan ba sola a makarantar, to doka ta zama kowa ya zo da cikakken caji, kuma a san ba kullum za a bi ta ba. Game da data, akwai Kolibri, manhaja ce kyauta da ake zuba darussa a kwamfuta ɗaya, sauran na'urori su ɗauka ta Wi-Fi na cikin gida ba tare da intanet ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022.

Kulle na'ura ma ba wasa ba ne. A 2013 hukumar makarantun Los Angeles ta shiga shirin iPad na sama da dala biliyan ɗaya, cikin kwanaki kaɗan ɗaliban sakandare suka gano yadda ake cire takunkumin suka faɗa Facebook da YouTube. Na'urar da makaranta ta mallaka tana iya kulle ta yadda take so. Ta gida kuwa sai da yardar mai ita, mafi sauƙi shi ne a zaunar da iyaye a koya musu saka Family Link na Google, manhajar da iyaye ke taƙaita abin da yaro zai iya buɗewa da ita. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta wajabta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka takardar amincewa ba ado ba ce.

A takardar nan a rubuta wa zai biya idan wani yaro ya fasa na'urar wani, da inda za a ajiye su lokacin tara, da guda nawa makaranta ta tanada don aro ga wanda iyayensa ba su da hali. Sannan a gwada da aji ɗaya na zango ɗaya kafin a aika wa sauran iyaye lambar asusu.