Gaɓar Studland a Ingila: yadda ake raba yashi ɗaya tsakanin masu sutura da masu zaman tsirara

Gaɓar tekun Studland tana kudancin Ingila, a yankin Dorset, daura da garin Poole. Yashi ne fari mai laushi da ya miƙe kusan kilomita 6, kuma ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi da filaye, ce ke kula da shi tun da mai filin, Ralph Bankes, ya rasu a 1981 ya bar mata filayen gidansu cikin wasiyya. An kasa gaɓar gida huɗu, daga arewa zuwa kudu: Shell Bay, Knoll Beach, Middle Beach da South Beach. A tsakanin Shell Bay da Knoll Beach akwai wani yanki da bai cika kilomita ɗaya ba, wanda aka amince wa masu zaman tsirara su yi amfani da shi. Babu katanga, babu ƙofa, babu mai karɓar tikiti. Mai ɗauke da 'ya'yansa da mai tafiyar motsa jiki da wanda ya tuɓe, duk yashi ɗaya suke takawa.

Abin da za mu auna a nan shi ne hidimar da masu kula da wurin ke yi wa mutum biyu: wanda ya zo don ya tuɓe, da wanda ko kusa ba ya son idonsa ko na iyalinsa ya faɗa kan tsiraicin wani. Hukuncinmu a taƙaice: tsarin yana aiki sosai ga wanda ya san da shi kafin ya iso, amma yana da rauni ga baƙon da ya faɗo bai sani ba.

Sai an fara fahimtar doka kafin a fahimci alamomin da aka kakkafa, domin nan ne yawancin baƙi ke kuskure. A Ingila da Wales tsiraici a bainar jama'a shi kaɗai ba laifi ba ne. Sashe na 66 na dokar laifukan jima'i ta 2003 bai kama mutum ba sai ya bayyana al'aurarsa da niyyar wani ya gani ya firgita ko ransa ya ɓaci, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 2. Kalmar da ke ɗauke da nauyin sashen ita ce niyya. Wanda ya kwanta a kan tawul yana shan hantsi bai shiga ciki ba. Akwai kuma sashe na 5 na dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1986, da tsohon laifin keta mutuncin jama'a, amma su ma suna neman wani hali da ya wuce tuɓewa kawai. Hukumar gabatar da ƙararraki ta fitar da jagora a 2013 wadda ke cewa a bar mai zaman tsirara da bai yi wani abin batsa ba, sannan kwalejin 'yan sanda ta fitar da tata a 2018 don masu amsa kiran waya su san tambayar da za su yi wa mai ƙorafi. Scotland dokarta daban ce, kuma can ne Stephen Gough, mutumin nan da ya yi suna da yawo tsirara, ya shafe yawancin shekarun da ya yi a kurkuku.

Abin da wannan ke nufi a Studland shi ne, iyakar da aka shata ba iyakar doka ba ce. Yarjejeniya ce ta zaman tare. Mai filin ya roƙi masu tuɓewa su tsaya cikin yankinsu, su kuma akasarinsu suna mutunta roƙon, domin sun san alfarmar da aka yi musu tana iya gushewa idan ƙorafi ya yi yawa. Don haka idan ka ga wani tsirara ɗan nesa da iyaka ka kira 'yan sanda, tambayar farko da za su yi maka ita ce me yake aikatawa. Idan amsar ita ce yana zaune, da wuya wani ya zo.

Alamomin kansu iri biyu ne. Akwai alluna a farko da ƙarshen yankin da ke sanar da mai tafiya cewa daga nan zai iya cin karo da masu zaman tsirara, akwai kuma turaku masu koren kai da aka jera don nuna iyakar, har cikin tuddan yashin da ke bayan gaɓar. A bakin ruwa wannan ya wadatar. Fili ne buɗaɗɗe, ana hango allon tun daga nesa, kuma wanda ke son komawa yana da sararin juyawa kafin ya ga abin da ba ya so. Wani abin yabo kuma shi ne inda aka ajiye yankin: ya yi nisa da duka wuraren ajiye motoci biyu na Shell Bay da Knoll Beach. Daga Knoll Beach, inda gidan shan shayi da kanti da makewayi suke, sai ka yi tafiya mai ɗan tsawo a kan yashi kafin ka kai allon farko. Iyalai da yawa ba sa wuce 'yan mitocin farko da kayansu da laimarsu da yara, saboda haka nisan da kansa ya yi rabin aikin da katanga za ta yi.

Matsalar tana ɓullowa ne ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce doguwar hanyar ƙafa ta gaɓar kudu maso yammacin Ingila, mai tsawon mil 630, wadda ke ƙarewa a South Haven Point, wato daidai mashigar jirgin fito a ƙarshen Shell Bay. Zangonta na ƙarshe yana bi ta kan yashin nan ne, ya ratsa tsakiyar yankin masu tuɓewa. Duk wanda ya bi taswira kai tsaye zai faɗa ciki. Masu kula da wurin sun tanadi mafita, wata hanya da ake kira Heather Walk, wadda ke bi ta cikin tsirrai a bayan tuddan, ta zagaye yankin. Tana yin aikinta, sai dai yashinta sako-sako ne, ya fi na bakin ruwa wahalar taka, kuma keken turin jariri ba ya jin daɗinta. Ga shi kuma sai ka san sunanta ka neme ta. Da an kafa babban allo mai taswira a bakin kowane wurin ajiye motoci, wanda ke nuna yankin da launi daban tare da hanyar kauce masa, ta yadda ko wanda bai iya Turanci ba zai gane da kallo ɗaya, da an rage rabin ɓacin ran da ake samu.

Ta biyu ita ce shigowa ta baya. Titin da ya taso daga jirgin fito zuwa ƙauyen Studland yana bi ta bayan dajin, kuma akwai ƙananan hanyoyin ƙafa da suka ratsa daga titin zuwa teku. Wasunsu a cikin yankin suke sauke mutum ko dab da shi. A nan turakun ba su kai allunan bakin ruwa fitowa fili ba, domin ciyawa da tudu suna tare ido, kuma koren fenti a cikin koren ciyayi ba abu ne da ke jan hankali ba. Wanda ya ajiye mota a gefen titi don gudun biyan kuɗin wurin ajiya, ya kama gajeriyar hanya da yaransa, shi ne ya fi kowa haɗarin ganin abin da bai shirya ba. Shawara a nan ɗaya ce: mai iyali ya shiga ta Knoll Beach ya karkata dama, wato kudu, zuwa Middle Beach da South Beach. Ta wannan ɓangaren babu ruwansa da yankin kwata-kwata. Wanda ya tsallako da jirgin fito daga Sandbanks, a ɓangaren Poole, tafiyar da ba ta wuce minti 4 ba, zai iya zama a farkon Shell Bay, ko ya ci gaba a bas mai lamba 50 da ke zirga-zirga tsakanin Bournemouth da Swanage ya sauka kusa da ƙauyen. A lura dai, ruwan Shell Bay ta wajen mashigar tashar Poole yana da ja mai ƙarfi, ba wurin iyo ba ne ga yara.

Tuddan yashin su ne inda tsarin ya fi rauni, kuma wannan ƙorafi ne da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai. Masu zaman tsirara na ainihi, yawancinsu dattawa da ma'aurata masu littafi da kujerar naɗewa, a fili suke zama. Masu ɓata lamarin su ne 'yan leƙe da masu neman lalata a cikin kwazazzaɓan tuddai, inda ido ba ya kaiwa. Wannan kam laifi ne a doka, ko a cikin iyaka ko a wajenta, kuma masu gadin wurin da 'yan sandan Dorset suna kai sintiri a lokacin zafi. Amma fili ne mai faɗi, masu gadi kuma ba su da yawa. Wanda ya ga irin wannan ya kira 'yan sanda a lamba 101, idan kuma abin ya shafi yaro ko akwai barazana ya kira lambar gaggawa, 999. Ya faɗi abin da mutumin ke aikatawa dalla-dalla da inda yake, domin cewa "na ga wani tsirara" kawai ba zai motsa kowa ba.

Ga wanda ya zo don ya yi amfani da yankin, hidimar ba ta da yawa, kuma da gangan ne. Babu makewayi a wurin, babu famfo, babu inuwa. Duk abin da ake bukata sai an sa sutura an koma Knoll Beach ko Shell Bay. Ana son mutum ya iso da kayansa a jiki, ya tuɓe bayan ya wuce allo, ya mayar kafin ya fita. Ɗaukar hoton wani ba da izininsa ba shi ne abin da ya fi saurin tayar da rigima, kuma wannan ya hau kan mai wucewa ma: idan za ka ratsa, ka mayar da wayarka aljihu, ka bi ta bakin ruwa, ka yi gaba. Ba wanda zai ce maka ka tuɓe, ba wanda zai tare ka.

Akwai wasu abubuwan da ba su da alaƙa da sutura amma suna shafar kowa. Dajin da ke bayan gaɓar wuri ne da ake karewa, inda ake samun dukkan nau'o'i 6 na macizai da ƙadangarun da ƙasar ke da su, ciki har da maciji guda mai dafi, ga kuma kaska a cikin ciyawa. Mai bin Heather Walk ya sa takalmi rufaffe. Wuta babbar barazana ce a lokacin rani, domin tsirran suna bushewa ƙarau. Akwai wani ɗan kifi mai ƙaya da ke binne kansa a yashin ruwa marar zurfi. Idan ya soki ƙafa, maganinsa a tsoma ta cikin ruwa mai zafi gwargwadon yadda za a iya jurewa na kimanin rabin awa. Sannan a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawance sun yi atisaye da harsasai na gaske a wannan gaɓa kafin su tsallaka Normandy a Faransa, har Churchill da Sarki George na 6 da Eisenhower suka zo kallo daga wani ginin kankare da ake kira Fort Henry, wanda yana nan har yau. Saboda haka lokaci-lokaci yashi kan tono tsohon harsashi. Ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa, ka kira 999.

In aka kwatanta da maƙwabta, Studland a tsakiya take. Denmak ta bar tuɓewa a kusan dukkan gaɓoɓinta tun 1976, don haka can babu iyakar da mai gudun gani zai dogara da ita. Faransa ta fi tsanani a rubuce: dokarta ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000 kan nuna tsiraici na batsa, shi ya sa masu tuɓewa suke tsayawa a gaɓoɓin da hukumar gari ta ware. A Sifaniya dokar ƙasa ba ta hana ba, amma garuruwa irin su Barcelona da Cadiz sun kafa nasu ƙa'idojin, kotun ƙoli kuma ta goyi bayansu. A Ingila kanta Brighton ta buɗe nata yankin a 1980, a gefen gari, aka tara tudun tsakuwa don ya tare ido. Wannan ya fi turakun Studland kare mai wucewa, sai dai a wurin da ake kare tsirrai da dabbobi ba za a iya tara tudu ko kafa shinge yadda aka ga dama ba.

Game da yawan masu yarda da abin, binciken da kamfanin Ipsos ya yi a 2022 ya nuna kashi 14 cikin ɗari na manyan Birtaniya suna kiran kansu masu zaman tsirara, daga kashi 6 a 2011. A riƙa tunawa ƙungiyar masu zaman tsirara ta British Naturism ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma amsa tambaya a intanet daban, tuɓewa a gaban mutane daban. Abin da ake gani a kan yashi shi ne yawancin masu wucewa suna kawar da kai su wuce, ba don sun yarda da al'adar ba, sai don an ba su hanyar da za su bi.

Wanda ke son teku mai tsabta da ruwa marar zurfi ga yara, kuma ba ya son ganin tsiraici, Studland ta dace da shi muddin ya tsaya daga gidan shayin Knoll Beach zuwa kudu. Ya iso da wuri a ranakun hutun Yuli da Agusta, domin wuraren ajiye motoci suna cika tun kafin azahar, layin jirgin fito kuma yana tsawo. Mambobin National Trust ba sa biyan kuɗin ajiye mota. Wanda kuma ke son ya taka gaɓar daga farko har ƙarshe, ya tambayi ma'aikatan kanti a Knoll Beach inda Heather Walk ta fara kafin ya kama hanya.