Na shiga shagon kayan abincin Asiya, ga yadda muka kwashe

Wata uku ina wuce shagon nan ban taɓa leƙawa ba, sai ranar Asabar da shinkafa ta ƙare mana na ce bari dai in shiga. Tun daga ƙofa warin busasshen kifi da ƙamshin citta suka tare ni, wajen kuma a matse yake, in mutum biyu suka haɗu tsakanin kantoci sai ɗaya ya karkace.

Shinkafa kam ba a magana. Basmati ta Indiya da Pakistan, jasmin ta Tailan mai ƙamshin nan, ga gajeriyar ta Japan mai danƙo, buhuna a jere tun daga ƙaramin kilo 1 har wanda sai an kama maka.

Inda na sha wuya wajen zaɓen soya sos ne, wato ruwan ɗanɗanon girki da ake yi da waken soya, kwalabe sun kai kala ashirin duk baƙaƙe. Na ɗauki wanda ya fi duhu a tunanina shi ne mai ƙarfin, sai dattijuwar da ke zaune a wajen biyan kuɗi ta tambaye ni me zan dafa. Na ce Mama soyayyar shinkafa ce, ta girgiza kai ta tashi da kanta ta canza min. Ashe mai duhun don launi ake sa shi, yana da kauri da ɗan zaƙi, mai ruwa-ruwan shi ne mai gishirin. Da na zuba wancan da hannuna mai nauyi ai da baƙar shinkafa za a ci a gidan. Wannan kaɗai ya sa matar ta shiga raina.

To amma fa duk mai kiyaye halal ya buɗe ido sosai, don nan ba wajen jefa kaya a kwando ba ne kana danna waya. Akwai wata kwalba mai kyau da ake kira mirin, ka ce ruwan zuma ne, alhali na ainihin giyar cikinsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, ga Shaoxing a gefenta ita kam giyar shinkafa ce ta girki ba wani ɓoye-ɓoye. Taliyar 'yan mintuna ma wasu ɗan ƙullin sinadarin cikin ledar da romon alade aka haɗa shi, kuma rubutun duk da Japananci ko Koriyanci, fassarar tana kan wata 'yar takarda da aka manna a baya da ƙananan baƙaƙe. Ni dai dabarar da ta cece ni neman tambarin halal na hukumar JAKIM ta Malesiya ko na majalisar malamai ta MUI ta Indonesiya, in na gani sai in ɗauka hankali kwance.

Kwanan watan lalacewa shi ma ya so ya ruɗa ni. Kayan Japan da Koriya da Sin shekara suke fara rubutawa sannan wata sannan rana, na tsaya ina ta lissafi da yatsa kamar mai jarrabawa.

Abun da bai min ba, kaya da yawa ba a liƙa musu farashi ba sai ka je biya ka ji, ganyayyakin kuma da yamma duk sun yi yaushi, wata da muke layi tare ta ce min da safe ake zuwa. Firizarsu ɗaya ƙanƙara ta rufe ledojin har ba a karanta komai.

Na fito da jasmin, madarar kwakwa gwangwani 2, soya sos ɗin Mama, da gochujang, wato kwaɓin barkonon Koriya, bayan na duba bayansa sau uku. Zan koma kuwa, da safe. Duriyan dai, wani ɗan itace mai ƙaya, da dattijuwar ta ce in gwada na ce Mama a bar shi sai wani jiƙon, don tun yana cikin leda warinsa ya ishe ni.